Tambaya da Amsa: Wai Mikel da Ahmed Musa duk 'yan Plateau United ne?

Jama'a barkanmu da wannan sati. Saƙonnin da suka shigo min a kwanakin nan kusan duk a kan ƙwallon Jos ne, kamar an haɗa baki, to na ce bari in tattara su wuri ɗaya in amsa abin da ya sawwaƙa. Masu tambayar farashin dankali a Farin Gada ku yi haƙuri sai wani satin.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Don Allah ka raba mana gardama, ni da abokina mun kusa ɓatawa a teburin mai shayi, shi ya dage wai Ahmed Musa da Mikel Obi duk a Plateau United suka fara, ni kuma na ce Ahmed Musa Pillars ya yi. Mun yi alkawari wanda ya faɗi shi zai biya shayi da indomi na sati guda. Daga wani mai karatu a Unguwar Rogo.

AMSA: Ɗan'uwa, abokinka rabin gaskiya ya riƙo, kai ma naka bai cika ba. Mikel dai eh, ɗan Jos ne, a nan aka haife shi a 1987, ya bi ta makarantar ƙwallo ta Pepsi sannan ya shiga Plateau United, daga nan aka ɗauke shi tawagar 'yan ƙasa da shekara 17 da ta je Finland a 2003, sai kulob ɗin Lyn na ƙasar Norway. Sauran labarin kowa ya sani, yadda ya zo na biyu a bayan Messi a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2005, da rigimar da Manchester United da Chelsea suka yi a kansa har sai da Chelsea ta zube fam miliyan 16 a 2006 kafin aka bar mata shi. Wato yaron da ya taso yana buga ƙwallo a kan jar ƙasar garin nan manyan Ingila biyu suka yi ta ja-in-ja a kai shekara guda cur.

Amma Ahmed Musa bai taɓa saka rigar Plateau United ba, ko sau ɗaya. Shi ma haifaffen Jos ne, 1992, a Bukuru ya taso, ya fito daga akadamin GBS, aka ba da shi aro ga JUTH, wato kulob ɗin asibitin koyarwa na jami'ar Jos wanda a lokacin yake buga firimiya, matasan yanzu da yawa ba su ma san an taɓa yin wannan kulob ba. Daga JUTH ne ya tafi Kano Pillars inda ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, sai VVV-Venlo a Holan. To ka ga kai ma da ka ce Pillars ka tsallake JUTH.

Wannan kuskuren ba abokinka kaɗai ke yin sa ba, mu mutanen Jos muna da wata ɗabi'a, duk yaron da aka haifa a garin nan ya yi suna sai mu jingina shi da Plateau United. Moses Simon haifaffen Jos ne amma ta GBS ya fita zuwa Turai, Ogenyi Onazi ma haifaffen nan ne kuma ba Plateau ce ta yi shi ba. Waɗanda za ka iya bugun ƙirji ka ce sun bi ta kulob ɗin akwai Mikel, akwai Obinna Nsofor da ya je Inter da West Ham ya kuma ciyo azurfa a Olamfik ɗin 2008, akwai Christian Obodo da ya daɗe a Italiya, akwai Celestine Babayaro ɗan Kaduna wanda ya bi ta nan kafin Anderlecht da Chelsea. Maganar shayi kuwa ku raba kuɗin biyu, indomin dai shi zai biya.

TAMBAYA: Yallabai wai da gaske ne kamfanin giya ne ya kafa Plateau United? Wani ne ya faɗa min a gidan kallo ya ce ma haramun ne in goyi bayansu. Daga Gangare.

AMSA: Tarihin gaskiya ne, a 1975 aka kafa kulob ɗin da sunan JIB Strikers, JIB ɗin nan kuwa shi ne Jos International Breweries. A wancan zamanin haka abin yake, kamfanoni da ma'aikatu ne ke riƙe da kulob, BCC Lions ta Gboko kamfanin siminti ne, Bendel Insurance kamfanin inshora, akwai na jirgin ƙasa akwai na NEPA. A 1991 aka sauya suna zuwa Plateau United, yanzu kuma gwamnatin jiha ce ke da shi, albashin 'yan wasa daga baitulmalin jiha yake fita, wato har da harajinka a ciki. Maganar haramci kuwa ni ba malami ba ne, ka tambayi na unguwarku, amma wanda ya ba ka fatawar ka fara duba tallan da ke gaban rigar kulob ɗin Turan da shi yake mutuwa a kai.

TAMBAYA: Ɗana, ni tsoho ne na haura saba'in, jikana ne ke rubuta min wannan. Kullum ina jin kuna ta Plateau United, Plateau United, kamar da ita aka fara ƙwallo a Jos. Ina Mighty Jets? Ko kun manta da Sam Garba ne? Ka faɗa wa yaran nan gaskiya. Daga wani dattijo a titin Bauchi.

AMSA: Baba ranka ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya, ai ban isa in manta ba, kuma da za a bi ta tawa da wannan tambayar zan buɗe shafin. Yara ku matso ku ji. Lokacin da aka fara gasar lig ta ƙasa baki ɗaya a Najeriya a 1972, kulob ɗin da ya fara ɗaukar kofin ba na Legas ba ne, ba na Enugu ko Ibadan ba, Mighty Jets ce ta Jos, kulob ɗin Alhaji Isiyaku Ibrahim. Shekara uku kenan kafin ma a haifi JIB Strikers.

Kuma ku dubi sunayen da suka bi ta wannan kulob, Sam Garba Okoye, Ismaila Mabo, Layiwola Olagbemiro, Baba Otu Mohammed, da 'yan gidan Atuegbu, 'yan'uwan juna da suka buga a tare. In ka karanta sunayen nan a jere ka ga Jos ɗin da haƙar kuza ta tara, Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri da 'yan ƙasa duk a riga ɗaya, shi kansa Sam Garba Okoye sunansa kaɗai ya ishe ka labari. Ya buga wa Najeriya a Olamfik ɗin Meziko a 1968 inda muka yi 3-3 da Brazil, kuma haɗarin mota ne ya ɗauke shi a 1978 da sauran ƙuruciyarsa. Duk dattijon da na taɓa zama da shi in aka zo kan Sam Garba sai ka ga ya gyara zama, wani ma ya miƙe tsaye yana gwada maka yadda yake yanke mutum, da sandarsa da komai. Ni ban gan shi da idona ba, amma ban taɓa jin ana ba da labarin wani ɗan ƙwallo da irin wannan shauƙin ba. Aloysius Atuegbu kuma daga baya ya koma Rangers ta Enugu yana cikin waɗanda suka ci mana kofin Afirka a 1980. Ismaila Mabo shi ne ya kai 'yan matan Super Falcons zagayen kwata fainal a gasar duniya ta 1999 a Amurka, ya rasu a 2023, Allah ya jiƙansa.

Sai dai Baba, tunda ka ce a faɗi gaskiya, dole a faɗi da mai ɗacin. Kofin ƙalubale na ƙasa, wato Challenge Cup, ya wahalar da Jos fiye da tunani, in aka haɗa da tsofaffin tawagogin garin na kafin Jets, sau goma ana zuwa wasan ƙarshe ana dawowa hannu rabbana. Wanda ya fi tsayawa mutane a rai shi ne na 1972 da Bendel Insurance, a Legas aka tashi 2-2 cikin hayaniya bayan Jets ta farke a mintunan ƙarshe, aka mayar da wasan Ibadan aka sake, Insurance ta ci 3-2. A 1974 kuma Rangers ta doke su 2-0. Har mutane suka fara cewa baki aka yi wa garin, wasu su ce asiri ne, kowa da nasa. Ita ma Plateau United da ta zo sai ta gaji abin, 1993 BCC Lions ta doke ta a wasan ƙarshe, 1998 Wikki Tourists maƙwabtanmu na Bauchi suka cinye ta a bugun fenareti. Sai a 1999 abin ya karye, ta ci Iwuanyanwu Nationale ta Owerri 1-0, Donatus Iloka ne ya zura ƙwallon. Don haka Baba ka yi wa ƙanwar adalci ko yaya, kofin da yayar ta kasa kawowa gida ita ta kawo shi. Jets dai tana nan da ranta, amma ta daɗe tana fama a ƙananan rukuni, kuma abin da ciwo.

TAMBAYA: Me ya sa ake ce wa Plateau United Peace Boys? Daga wata ɗaliba a Tudun Wada.

AMSA: Ƙanwata, daga kirarin jihar ne, da ake ce mata gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido. Na san wani zai yi tsaki in ya tuna abubuwan da garin nan ya gani tun daga 2001, amma ki je filin wasa ranar da suke gida ki ga waɗanda ke zaune kafaɗa da kafaɗa a kan benci ɗaya, mutanen da wataƙila ba sa shiga unguwannin juna da dare.

TAMBAYA: Malam ni a 2017 ina bautar ƙasa a kudu ban ga yadda aka ci lig ba, sai dai a waya. Don Allah ba mu labari, su waye suka yi aikin, kuma ya aka yi kulob ɗin da bai daɗe da hawowa ba ya ɗauke kofi a gaban su Enyimba? Daga Rikkos.

AMSA: Kai abokina ka yi asarar kallo. A 2015 'yan Plateau United suka hawo daga rukuni na biyu, 2016 suka lallaɓa suka tsira, babu wanda ya saka su a lissafi da aka shiga 2017. Aka kawo Kennedy Boboye a matsayin koci, mutumin ya haɗa tawagar da ba ta da wani babban tauraro guda ɗaya da za ka nuna, amma kowa ya san aikinsa. Dele Ajiboye a raga, wanda yana cikin yaran da suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 a 2007, Elisha Golbe kyaftin, su Peter Eneji da Joshua Obaje, sai Daniel Itodo a baya ta hagu. Itodo ɗin nan in ya ɗauki ƙwallo zai yi jifa sai ka ga 'yan kallo sun miƙe kamar an samu kwana, don jifansa har cikin da'irar gola yake sauka, 'yan bayan abokan hamayya har sun gwammace su bar ƙwallo a cikin fili da su fitar da ita ta gefensa.

Abin da ya ba su kofin a ganina shi ne makin waje. Kowa ya san yadda lig ɗinmu yake, kowane kare zaki ne a gidansu, ka ci naka a gida in ka fita a cinye ka, to wanda ya iya tsinto maki ɗaya nan uku can a waje shi ne zai yi sama. Plateau ta fara kakar da tsintar irin waɗannan makin tun da wuri kuma kusan duk kakar tana saman tebur. Wanda ya takura mata har ƙarshe ba Enyimba ba ce, MFM ce ta Legas, kulob ɗin coci, da Fidelis Ilechukwu yana koci.

Ranar 9 ga Satumba 2017 aka yi wasan ƙarshe a filin Rwang Pam da Rangers, waɗanda su ne ke riƙe da kofin a lokacin. Ina wurin, tun kafin azahar na shiga don na san in na tsaya cin abinci ba zan samu ko wurin tsayawa ba, kuma duk da haka rabin wasan a kan ƙafa ɗaya na kalle shi wani bawan Allah da ban sani ba yana riƙe da wuyan rigata. Aka ci 2-0, Emeka Umeh da Benjamin Turba, aka gama da maki 66 MFM tana da 62. Shekara 45 kenan rabon Jos da kofin lig tun na Jets. Wani tsoho a kusa da ni bai yi ihu ba bai yi tsalle ba, kawai ya zauna ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa hawaye na zuba, ban tambaye shi ba amma na tabbata ya ga na 1972. Daga filin har Taminus a ƙafa muka taka don babu abin hawan da zai iya motsi.

TAMBAYA: Mu 'yan Jos mazauna Abuja mun je filin Moshood Abiola a 2022 mun ga Plateau United ta ci Esperance ta Tunisiya a gasar zakarun Afirka da idonmu, muka yi ta murna, sai kuma muka ji wai an fitar da mu alhali ci biyu da biyu ne. Wannan ba zalunci ba ne? Kuma me ya sa kullum a Afirka ba ma zuwa ko'ina? Daga wani ɗan Jos da ke zaune a Nyanya.

AMSA: Ɗan'uwa ba zalunci ba ne, doka ce, sai dai doka mai cin rai. In aka yi wasa gida da waje jimillar ƙwallaye ta zo daidai, wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawarsa shi ke wucewa. Turai sun soke wannan dokar a 2021 shi ya sa masu kallon Champions League suka manta da ita, amma hukumar ƙwallon Afirka, wato CAF, ba ta soke ba a lokacin. A Abuja mun ci 2-1, ƙwallo ɗayan nan da Esperance ta zura mana ita ce guba, da aka je Tunis suka ci 1-0, jimilla 2-2, su suna da ƙwallon waje mu ba mu da ita, shikenan. Abin haushin ma bai ƙare a nan ba, aka sauko da mu kofin Confederation, wato ƙaramar gasar kulob-kulob ta Afirka, aka haɗa mu da Al Akhdar ta Libiya, muka zazzaga musu 4-1 kowa ya ce an gama, aka je can suka rama 3-0, jimilla 4-4, ƙwallon waje ta sake fitar da mu. Sau biyu cikin 'yan makonni, rami ɗaya.

In ka koma baya ma kusan labarin ɗaya ne. A 2018 mun fitar da Eding Sport ta Kamaru gida da waje, sai Etoile du Sahel ta Tunisiya ta ci mu 4-2 a can muka ci 1-0 a Najeriya, bai isa ba, sannan USM Alger ta yi mana 4-0 a Aljeriya bayan mun ci 2-1. A 2020 kuma, shekarar da korona ta tsayar da lig muna kan gaba da maki 49 a wasa 25 ƙarƙashin Abdu Maikaba, ba a ba kowa kofi ba amma aka ba mu tikitin Afirka, Simba ta Tanzaniya ta zo har Jos ta ci mu 1-0 aka je Darussalam aka tashi babu ci.

Ni dai ga yadda nake kallon abin. Na farko wasannin da ake kira na gida yawanci ba a gida ake yin su ba, na Etoile a Kano aka buga, na USM a Legas, na Esperance a Abuja, saboda filinmu bai cika sharuɗɗan CAF ba. Kun kyauta da kuka je, amma 'yan dubban da kuka taru a wancan ƙaton filin ba za su yi wa baƙo abin da Jos ke yi masa ba, ga sanyi ga tudu, garin da ya haura mita 1,200 daga teku wanda ɗan bakin ruwa in ya zo minti sittin ya fara neman numfashi, duk mun bar wannan a gida mun tafi aro. Na biyu kuma shi ne ya fi damuna, tawagar da ta ci lig ba ita ke zuwa Afirka ba. Da an gama kaka sai 'yan wasa su watse, wannan ya tafi inda aka ƙara masa albashi wancan ya samu hanyar waje, koci ma ya tattara, a kawo sabbi goma sha wani abu a ce su fuskanci Esperance wadda 'yan wasanta sun shekara uku huɗu suna tare. Kulob ɗin gwamnati ne, kuɗi sai an rubuta takarda ta bi ofis-ofis, in gwamna mai son ƙwallo ne a sha daɗi in ba haka ba a yi ta jira. Garin da ya haifi Mikel da Ahmed Musa da Moses Simon ba ƙafa ya rasa ba, riƙe ƙafar ne ba mu iya ba, shi ya sa ma biyu daga cikin ukun nan ba su ko bi ta ƙofar kulob ɗin ba.

TAMBAYA: Wani ɗan Kano a wurin aikinmu kullum sai ya tsokane ni da 79-0. Wai mene ne gaskiyar maganar, mu ne muka ci ko mu aka ci? Daga Bukuru.

AMSA: Hmm, na so a ce ba a tambayi wannan ba. Mu ne muka ci, kuma da an ci mu ne ma da ya fi mana mutunci. Ba babbar tawagar ba ce, ƙaramar ce da ake kira Plateau United Feeders, a watan Yuli 2013 a wasannin neman hawa rukuni da aka yi a Bauchi. Ita da Police Machine ta Adamawa makinsu ɗaya, yawan ƙwallaye ne zai raba su, kuma lokaci ɗaya suke buga wasanninsu na ƙarshe. Aka tafi hutun rabin lokaci Feeders na cin Akurba ta Nasarawa 7-0, Police Machine na cin Bubayaro ta Gombe 6-0, to da aka dawo sai kowane ɓangare ya riƙa jin labarin ɗayan ta waya ana ƙara wuta. Aka tashi 79-0 da 67-0. Ka lissafa, ƙwallo 72 a minti 45, wato duk bayan daƙiƙa talatin da 'yan kai an zura ɗaya, har da lokacin ɗauko ta daga raga a kawo tsakiya. Ko gola barci yake yi ai sai an gaji da gudu. Hukumar ƙwallon Najeriya, NFF, ta dakatar da kulob huɗun shekara goma, 'yan wasa da jami'an da ke ciki kuma aka kore su har abada, labarin ya zaga duniya ana mana dariya.

In ya sake tsokanarka kada ka musa, ka ce eh an yi, sannan ka tambaye shi ɗan wane gari ne ya zura musu ƙwallo 18 a 2010.